Kira Ɗari Uku da Goma Sha Ɗaya

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Sagir ne ranar Litinin, daidai lokacin da ladanin unguwa ya gyara murya zai kira magariba. Sagir yana tsugune bakin rariya da buta, ya wanke hannun dama bai kai ga na hagu ba. Matarsa Furera tana madafa tana kwashe tuwo. Ƙarar ba ta yi kama da jifan yara ba, domin jifan yara yakan zo da gudu da dariya a bayan katanga. Wannan kuwa a tsaye ya faɗo, da nauyi, kamar daga sama aka sako shi, ya gangara a hankali ya tsaya bakin indararo. Aka ɗan yi shiru, sai na biyu, sai na uku.

Sagir ya ajiye buta ya leƙa waje ransa a ɓace. Lungun nasu na Gambarawa babu kowa, in ban da wata akuya da ke ɓantarar fastar 'yan takara a jikin bango. Ya dawo yana cewa gobe zai kai ƙara wajen mai unguwa. Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune tare da su tun rasuwar mijinta, tana jin sa daga ƙofar ɗakinta. Ta dai daina jan carbinta, ta zuba wa ɗakin baya ido.

Sagir ma'aikacin kwamfuta ne a wani kamfani mai raba wa manoma iri da taki, ofishinsu a GRA. Kamfanin yana da wakilai a ƙauyuka, kowanne da 'yar kwamfutar hannu da yake rubuta sunayen manoma da awon gonakinsu, guda ɗari uku da goma sha ɗaya, kuma dukkansu a hannun Sagir suke. Daga kan kujerarsa yakan buɗe manhajar kula da na'urorin ya ga wadda ke Ɗanja da wadda ke Mashi, wadda batirinta ya mutu da wadda aka cika da waƙoƙi. Ya kulle wadda aka sace, ya tura wa sauran sabon gyara. Amma kafin ya shiga manhajar sai ya bi ta wata ƙofar tantancewa da hedikwatarsu ta Abuja ke riƙe da ita: ya rubuta sunansa da kalmar sirri, a turo masa lamba shida ta waya, ya shigar da ita kafin minti ɗaya ya cika. Ƙofar nan ba sani ba sabo, kuma Sagir yana alfahari da ita kamar shi ya ƙera ta. Mutum ne da in abu bai fito a fuskar kwamfuta ba, to a wurinsa bai faru ba.

Gyare-gyaren kuwa ba daga Abuja na'urorin ke ɗauko su ba. Akwai wani akwatin ƙarfe da 'yan aikin ke kira sabar, wanda kowace na'ura ke nema sau ɗaya a rana ta karɓi abin da aka ajiye mata. Wurinsa ofis ne. To, janaretan ofis ƙarfe huɗu ake kashe shi, shi kuwa Sagir yana da sola a gida. Manaja ya ce a kai gidansa na ɗan lokaci, kamfanin layin intanet ya zo ya ja waya har cikin tsohon gari. Ɗan lokacin nan yanzu ya shiga wata na takwas.

Ɗakin da ya zaɓa wa sabar ɗin shi ne ɗakin baya, ginin ƙasa mai kauri, wanda mahaifinsa ya kulle tun soja ba su koma bariki ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ranar da Sagir ya fasa kwaɗon, Gwaggo Tani ta ce masa ya bari. Ya ce, "Gwaggo, ɗaki ne kawai, kuma duk gidan nan shi ya hi sanyi." Ya shiga da takalminsa ko sallama babu, ya share, ya jera ƙarfensa.

Wata bakwai ba abin da ya faru, domin da hantsi na'urorin ke zuwa. Sai wakilai suka yi ta ƙorafi cewa da hantsi suna gona, babu sabis, sai da yamma suke haɗuwa a shagon masu caji. A safiyar wannan Litinin ɗin ce Sagir ya mayar da lokacin zuwansu ƙarfe bakwai saura kwata zuwa takwas, wato daga magariba zuwa isha'i. Bai haɗa wannan da jifan ba, kuma da wani ya haɗa masa da dariya zai yi.

Ranar Talata jifan ya dawo a kan lokacinsa. Wannan karon ya zo da wani abu a ƙarƙashinsa, wani gunaguni kamar hayaniyar Babbar Kasuwa in ka ji ta daga nesa, bakuna da yawa suna maimaita abu ɗaya, ba ka dai iya tsintar kalmar. Kajin Furera suka ƙi shiga akurki. Iskar da ke kaɗa ganyen darbejiyar tsakar gida ta ɗauke ɗif, zafin bazara ya sauko ya danne gidan.

Furera ce ta fara lura babu Zuwaira. Ita ce 'yarsu tilo, shekararta goma sha shida, yarinya mai surutu da ba a rasa jin muryarta a gida. An aike ta kwaso shanya a igiyar da ke wajen ɗakin baya. Can uwar ta same ta, a tsaye, goshinta kusan ya taɓa ƙyauren, kayan shanya zube a ƙafarta. Ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Ta kama hannunta ta ji shi sanyi ƙalau cikin wannan zafi.

"Baban Zuwaira," in ji Furera da wata ƙaramar murya, "taho ka ga ɗiyarka."

Suka shigar da ita ɗaki. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma yi magana ba. Idanunta a buɗe, amma ba su suke kallo ba. Da aka kira isha'i jifan ya tsaya, gunagunin ya ɗauke, yarinyar ta kwanta ta juya fuska bango.

Washegari Sagir ya kai ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka auna zazzaɓi, aka duba ido da harshe, likita ya ce bai ga komai ba, a kai ta gida ta huta. Wannan magana ta fi ƙona ran Sagir fiye da a ce an samu ciwo, domin ciwo yana da suna, yana da magani. Suna dawowa Gwaggo Tani ta tare shi a zaure.

"Sagiru, ka kashe ƙarhen nan."

"Gwaggo, mi ya haɗa kwamfuta da jifa?"

"Ni ban sani ba. Kashe shi dai."

Ya kashe, ba don ya yarda ba, sai don a ga ƙaryar zancen. Da la'asar ya shiga ya danna, fankar akwatin ta yi shiru, 'yan fitilun suka mutu. Ya fito yana kaɗe hannu.

Maraicen nan ba wanda zai manta shi a gidan. Duwatsu suka sauko kamar ƙanƙara, babu tsaitsayawa, har kwano ya lotsa a wuri biyu. Gunagunin ya kumbura ya cika tsakar gida, ya shiga ɗakuna. Zuwaira, wadda kwana guda ba ta ce uffan ba, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu ta dinga kurma ihu tana birgima a kan tabarma, uwarta da Gwaggo suka kasa riƙe ta. Aka kira isha'i, abin bai tsaya ba. Sagir ya rasa abin yi, ya ruga ɗakin baya ya kunna sabar ɗin, don kawai hannunsa ya samu abin taɓawa. Cikin rabin sa'a jifan ya fara raguwa, ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙare.

Ya fito yana haki ya ce, "Kun gani ko? Da na kashe ma abin ƙaruwa ya yi. Ba ruwan na'ura." Allah sarki, mutum da iliminsa, amsa a tafin hannunsa yana karanta ta a juye.

Ranar Alhamis ya je ofis ido jajir. Abokin aikinsa Istifanus, mutumin Zonkwa da ya shekara tara a Katsina har Hausarsa ta fara komawa ta gari, ya nuna masa rahoton jiya. Da na'urorin suka nemi sabar ba su same shi ba, ba su haƙura ba. Haka aka tsara su: in ba a amsa ba, su sake nema bayan kowane minti ɗaya. Sagir ya ce wuta ce ta ba shi matsala, ya rufe zancen. Zuwaira kuwa ta shiga kwana na uku ba ci, sai ruwa da ake ɗiga mata da cokali. Wuyanta ya fara fitowa. Furera ta daina yi wa mijinta magana, in ya shigo sai ta tashi.

Ranar Juma'a Gwaggo Tani ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta yafa mayafi ta tafi Masanawa da ƙafarta, ta dawo da Malam Mamman mai ruƙiyya.

Dattijo ne siriri, mai ƙaramin gemu fari, ba ya gaggawar komai. Suka gaisa da Sagir a zaure, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi mai jiki. Ya zaga gidan a hankali. Da ya iso ƙofar ɗakin baya ya tsaya, ya cire takalmi, ya yi sallama, ya jira kamar mai jiran a amsa, sannan ya leƙa ya dawo. Ya sa aka daka ganyen magarya aka zuba a ruwa, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka fito da yarinyar. Suka yi sallar magariba a nan, shi da Sagir, duwatsu na sauka a kan kwano.

Da suka sallame Malam ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Ya daɗe yana yi. Hasken yamma ya janye daga bango, jemagu suka fara gilmawa. Sai yatsun Zuwaira suka fara murɗewa, bayanta ya banƙare, ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri, irin ta wanda aka tasa daga barci.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza. Ba ni na hwara ba."

Furera ta dafe ƙirji tana salati. Malam bai ɗaga murya ba. "Wane ne kai? Mi sunanka?"

"Bar zancen sunana. Suna ne ya kawo mu nan."

"To, mi yarinyar nan ta yi maka?"

"Ni ne mai ɗakin can. Tun ba a haihi uban wanga ba nike ciki. Uban ya san da ni, ya ja mani ƙohwa, muka zauna lahiya. Shi ko ya zo ya hwasa kwaɗo, ba sallama, ya aje mani ƙarhe mai huci. Na yi haƙuri, don da hantsi barci nike, ba ni jin komi. Yanzu sai lokacin tashina, lokacin da nike son shiru, sai taro ya cika mani ɗaki. Daga gabas, daga yamma, daga garuruwan da ban taɓa ji ba. Ɗari uku da sha ɗaya, na ƙirga su. Kowa baki ɗaya: Zuwaira, Zuwaira, Zuwaira. Ran Talata ta zo wucewa ta ji, ta amsa. Wanda aka kira a ɗakina ya amsa, nawa ne."

Malam ya juyo ya dubi Sagir. "Su wa ke kiran yarinya?"

Sai a lokacin Sagir ya tuna. Kowane sabar sai an ba shi suna, da sunan ne na'urori ke nemansa. A wajen horon da suka yi a Kaduna an ce musu kowa ya sa sunan da ba zai manta ba. Wasu suka sa na ƙungiyar ƙwallo, wasu na garinsu. Shi kuwa da ya zauna gaban sabon akwatin, sunan da ya fi so a duniya ya rubuta. Har ya gaya wa Zuwaira a lokacin, ta yi dariya ta ce ashe ta yi takwara.

Ya faɗa wa Malam, kansa a ƙasa. Dattijon ya dube shi.

"Ka raɗa ma ƙarhe sunan ɗiyarka, sannan ka sa a riƙa ƙwala mata kira da almuru?"

"Ban san kira ne ba, Malam. Mu a wurinmu adireshi ne."

"To, ga mai ɗaki ya ce kira ne. Tashi ka hidda shi daga gidan nan yanzu."

Nan fa Sagir ya shiga bayani, kuma shi kansa yana jin yadda bayanin ke fita kamar na ma'aikacin da ba ya son yi maka aiki. Ko ya ɗauke akwatin, in ji shi, sunan yana ɗaure da layin da aka ja zuwa ɗakin, na'urorin nan za su ci gaba da zuwa. In ba su same shi ba kuma, abin da ya faru ranar Laraba ne zai maimaitu. Mayar da layin ofis sai kamfanin layi, su kuma sai an rubuta musu koke, sai kwana ashirin da ɗaya na aiki.

"Kwana ashirin da ɗaya!" Furera ta yi magana da shi karo na farko cikin kwana biyu. "Dubi wuyanta. Kwana ukun ma ta kai?"

"Ina iya canza sunan," in ji shi da sauri. "Yau ɗin nan. In sa lamba kawai."

Bakin Zuwaira ya yi wata dariya marar daɗi. "Lamba ba ta da kunne. In an dame ni wa zan kama? Mutum za a sa, mai rai, na cikin gidan ga."

Malam ya ce ba a yi wa Musulmi wannan sharaɗi, ya koma karatu da ƙarfi, ya yayyafa ruwan magarya. Yarinyar ta dinga fizge-fizge, kanta na bugun tabarma, jini ya fito a gefen leɓenta inda ta cije. Muryar tana ihu tana cewa ko za a ƙone ta ƙurmus ba za ta fita ta koma cikin wannan hayaniya ba tare da wanda zai ɗauki laifin ba. Furera ta faɗa kan 'yarta tana kuka tana roƙon Malam ya sassauta. Ya sassauta. Aka koma ciniki, kamar ana tayin akuya, da ran yarinya a tsakiya. Sagir ya yi tayin mayar da lokacin hantsi, muryar ta ce barcinta ya riga ya yanke, duk lokacin da suka zo yanzu tana ji.

Ga inda aka tsaya. Mai ɗakin zai saki Zuwaira in kiran sunanta ya ƙare kafin a kira isha'i. Wanda aka sa sunansa zai riƙa jin kiran da kunnensa kullum, daga magariba zuwa isha'i, amma ba za a taɓa shi ba muddin bai amsa ba. Ranar da layi da ƙarfe suka bar ɗakin, a mayar da kwaɗo, magana ta ƙare. Malam ya sa mai ɗakin ya rantse, ya rantse.

"Ni tsohuwa ce," in ji Gwaggo Tani, "kunnena ma ba ya ji sosai. A sa nawa."

"A'a, Gwaggo. Ni na hwasa kwaɗon." Sagir ya riga ya jawo kwamfutarsa ya ɗora a cinya.

Malam ya ce, "Ka ji sharaɗin da kyau? Ba da murya ɗaya za a kira ka ba."

"Na ji."

Agogo ya nuna bakwai da minti ashirin da biyar. Ya rubuta sunansa da kalmar sirri. Ƙofar tantancewa ta ce an tura lamba. Ya riƙe waya yana kallo. Sabis ɗin tsohon gari da magariba, lokacin da kowa ke kan waya, sai a hankali. Daƙiƙa talatin, arba'in, sittin. Lambar ta shigo bayan minti biyu, ya shigar, aka ce ta mutu. Ya sake nema. Ta sake zuwa a makare, ya shigar duk da haka don ruɗewa, aka sake ƙi. Wani jan rubutu ya fito: saura gwaji ɗaya, in ya kuskure za a kulle shi sai Abuja ta buɗe. Abuja kuwa ta tashi aiki sai Litinin.

Takaici ya kama shi har ya ji kamar ya rotsa kwamfutar da ƙasa. Shekara huɗu yana yabon ƙofar nan a gaban manaja, yana cewa ko shi ba za ta ɗaga wa ƙafa ba, ga shi kuwa ta cika masa alkawari. Muryar da ke bakin 'yarsa ta ce, "Ashe kai ma akwai ɗakin da ba ka shiga sai an yarda."

Furera ce ta fizge wayar. Ta san lungun da sabis ke kamawa a gidan, domin a nan take kiran 'yan'uwanta: kusurwar bakin zaure, in an ɗaga hannu. Ta kifa turmi ta hau, ta miƙa wayar sama, duwatsu na wucewa ta gefen kanta. "Nemo!" in ji ta. Ya nema. Daƙiƙa goma sha biyar, ashirin, sai ta fara ƙwalo lambobin ɗaya bayan ɗaya daga wancan ƙarshen gida, shi yana dannawa. Ƙofa ta buɗe.

Ya goge sunan, ya rubuta nasa, ya danna a tura wa dukkan na'urori. Manhajar ta tsaya. Duk canjin da zai shafi na'urori gaba ɗaya sai mai kula na biyu ya amince. Sagir da kansa ya kafa wannan doka bara, har ya rubuta takarda a kanta. Bakwai da minti arba'in.

Istifanus bai ɗauka ba sai a kira na uku, ana jin ƙarar cokula a bayansa.

"Oga, lafiya? Sunan sabar za ka canza da daren Juma'a? Kai ne fa ka ce ba a taɓa komai ranar Juma'a."

"Na sani. Ka danna kawai."

"Mi zan rubuta a wajen dalili? Za su tambaya ran Litinin."

Sagir ya dubi 'yarsa, da jinin da ke leɓenta. Ya ce, "Istifanus, ɗiyata ce. Sunanta ne a kai, kuma ana kiranta da shi. Ba ni iya yi maka bayanin da ya wuce haka."

Ƙarar cokulan ta tsaya. Sannan Istifanus ya ce, "Ban gane ba, amma na ji muryarka. Bari in shiga. Allah ya sa tawa lambar ta zo da wuri." Shi yana GRA, tasa ta zo nan take.

Layukan da ke fuskar kwamfutar suka fara komawa kore, goma, arba'in, ɗari. Kowace na'ura da ta karɓi sabon suna sai ta gwada shi. A nan ne gunagunin ya fara sauyawa a kunnen Sagir. Hayaniyar da kwana huɗu ya kasa tsintar kalmarta ta fara warewa, ta zama abu ɗaya, sunansa, sarai, daga bayan ƙyauren ɗakin baya. Kan Zuwaira ya juyo a hankali ya fuskance shi.

"Yauwa," in ji muryar. "Yanzu na san mai ƙarhen."

Ɗari uku da huɗu suka karɓa. Bakwai a kashe suke, kuma Malam ya ce wadda ke kashe ba ta kira, mai ɗakin ya yarda a bi su da safe. Ladan ya ɗaga murya. Babban yatsan ƙafar yarinyar ya kama karkarwa, karkarwar ta tsaya, ta yi atishawa sau uku ta sulale jikin uwarta. Wani dutse guda ya gangaro daga kan kwano ya faɗo ƙasa, ba a sake jin wani ba. Can ta buɗe ido ta ce, da muryarta ta kullum, "Umma, yunwa nike ji."

Da safe Sagir da Istifanus suka bi wakilan nan bakwai da waya, har da wanda sai da aka aika mai babur ya nemo shi a gona, kafin azahar duk suka karɓa. Ya rubuta wa kamfanin layi koke. Suka amsa da saƙo mai ladabi cewa kokensa yana da muhimmanci a wurinsu, za a duba cikin kwana ashirin da ɗaya na aiki. Ya ƙirga a kalanda, ban da Asabar da Lahadi da hutun da ke tafe, ya ga wata guda ne cur. Ya kira su ya yi faɗa, wata yarinya ta ba shi haƙuri ta ce tana ganin kokensa a gabanta.

Yammar Asabar ya yi sallar magariba a gida, domin yana tsoron kada a kira shi a hanyar masallaci ya amsa da mantuwa. Ya gargaɗi kowa kada a ambaci sunansa sai bayan isha'i. Ya zauna a tabarma a tsakar gida, ya jingina da bango. Babu jifa. Kaji sun shiga akurkinsu.

Kiran ya fara a kan lokaci. Na farko muryar baƙo ce, na biyu ma haka, waɗannan ba su da wuya. Sai aka kira shi da muryar manaja, a fusace, har ya zabura. Aka kira shi da muryar Istifanus. Aka kira shi da muryar wani abokinsa na firamare da ya manta da shi. Ya damƙe carbi yana ƙirgawa, gumi na bin bayansa. Wajen na tamanin sai aka ce "Sagiru" a hankali, da jan wasalin ƙarshe, yadda mahaifiyarsa kaɗai ke faɗa in ta ajiye masa abinci, ita da ta shekara goma sha biyu a ƙasa. Bakinsa ya buɗe da kansa. Ya kai hannu ya toshe shi, hawaye suka gangaro kan yatsunsa.

Zuwaira tana zaune a ɗaya gefen tabarmar da kwanon tuwo a gabanta, kwano na biyu ke nan. Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, lafiya?"

Ya jira aka gama kiran da ke kunnensa, kada maganarsa ta faɗa a kan amsa, sannan ya sauke hannun kaɗan. "Kina jin wani abu daga ɗakin baya?"

Ta karkata kai ta saurara sosai. "A'a. Sai fanka."

"To, ci abincinki."

Ta ci gaba da ci. Muryar mahaifiyarsa ta sake kira, kusa fiye da ɗazu. Saura ɗari biyu da talatin a daren nan, kuma yau Asabar ce, ba ta cikin kwanakin aiki. Ya mayar da hannu kan bakinsa ya danne, yana kallon 'yarsa tana suɗe miya a yatsunta.